Alƙaluman Sauyin Yanayi: Na Wata, Na Yini Ko Na Sa'a, Wanne Ya Dace Da Bukatar Mai Zuba Jari?

A daren Juma'a, 26 ga watan Agusta na shekarar 2011, an tafka ruwan sama a birnin Ibadan wanda ma'aunin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA ya nuna ya haura milimita 180 cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Kafin gari ya waye mutane fiye da 100 sun rasa rayukansu, gadoji sun karye, shaguna da ɗakunan ajiyar kaya sun cika da ruwa. Abin lura a nan shi ne, a kudu maso yammacin ƙasar nan watan Agusta lokaci ne da ruwa kan ɗan lafa a tsakiyar damina. Duk wanda ya dubi jadawalin ruwan Ibadan na wata-wata zai ɗauka cewa Agusta ya fi Yuni da Satumba kwanciyar hankali. Amma ambaliyar kogin Ogunpa ta shekarar 1980, wadda har yau mutanen birnin ba su manta da ita ba, ita ma a ranar 31 ga watan Agusta ta auku.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin a halin da ake ciki bankuna da kamfanonin inshora da masu ba da rance daga ƙasashen waje suna ƙara neman a gabatar masu da rahoton haɗarin da sauyin yanayi zai iya jawo wa jari kafin su saki kuɗi. A watan Yuni na shekarar 2023 aka fitar da ƙa'idar duniya mai suna IFRS S2, wadda ta bukaci kamfanoni su riƙa bayyana irin wannan haɗari a rahotanninsu, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka ce za su bi ta. Saboda haka kamfanoni da dama suna biyan ƙwararru kuɗi domin su rubuta masu rahoton. Akan tambayi ƙwararren farashinsa da ranar da zai gama. Ba a cika tambayarsa ko alƙaluman da zai yi aiki da su na wata-wata ne, ko na kullum, ko na sa'a-sa'a ba, alhali amsar wannan tambaya ita ce take nuna ko rahoton zai ga haɗarin ko zai tsallake shi.

Yadda alƙaluman suke samuwa

Abin da ake kira samfurin yanayi wani tsarin lissafi ne da ake ɗora wa manyan kwamfutoci, wanda yake rarraba sararin duniya gida-gida, sannan ya bi yadda iska da zafi da danshi suke tafiya daga wannan gida zuwa wancan. A manyan samfuran duniya faɗin kowane gida yakan kai kilomita 100 ko fiye. Kwamfutar tana sake lissafin ne bayan kowaɗanne 'yan mintoci, amma ba a adana dukkan abin da ta fitar, don babu ma'ajin da zai ɗauke shi. Sai a tattara a adana matsakaicin wata, ko na yini, wani lokaci na sa'o'i shida ko uku. Wannan tsawon da kowane adadi yake wakilta shi ne tazarar lokacin alƙaluma. Babban rumbun da aka fi ɗiba daga cikinsa shi ne shirin CMIP6, wanda a kansa kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya dogara wajen rahotonsa na shekarar 2021. Akwai kuma shirin CORDEX, mai kusanto da lissafin zuwa gidaje masu faɗin kilomita 50 ko 25 a nahiyar Afirka.

Bambancin yawan alƙaluman ba ƙarami ba ne. A wuri guda, kan abu guda kamar ruwan sama, shekaru 30 za su ba da adadi 360 idan na wata-wata ne. Idan na kullum ne sun zama 10,950, na sa'o'i uku-uku 87,600, na sa'a-sa'a kuwa 262,800. A ninka wannan da yawan wurare da yawan samfura, sai a ga dalilin da ya sa ƙwararren da aka ba shi makonni kaɗan yakan karkata ga na wata-wata, ya yi shiru.

Ɗan kasuwa ya riga ya san illar matsakaici daga harkar banki. Mai yiwuwa ne matsakaicin kuɗin da ke asusunsa a watan Maris ya kai Naira miliyan 5, amma idan a ranar 17 ga wata asusun babu kome, a ranar kuma aka gabatar da cekinsa, to cekin zai dawo, kuma matsakaicin watan ba zai wanke shi a gaban abokin cinikinsa ba. Haka abin yake a yanayi. Tambayar farko ita ce tsawon lokacin da ɓarnar da ake tsoro take ɗauka kafin ta auku. Idan cikin sa'a uku take aukuwa, alƙaluman wata ba za su gan ta ba. Idan kuwa cikin shekaru goma take taruwa, sayen alƙaluman sa'a-sa'a ɓarnar kuɗi ce.

Inda na wata-wata ya wadatar

Manyan tafkuna da madatsun ruwa suna da haƙuri, watau ba sa sauyawa saboda ruwan yini guda. Madatsar Kainji, wadda aka kammala gininta a shekarar 1968, daga baya kuma ƙarfinta ya kai megawat 760, tana cika ne sau biyu a shekara: da ruwan daminar yankin, wanda yake isowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, da kuma ruwan da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, wanda yake shafe watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali kafin ya iso a lokacin sanyi. Mai son sanin wutar da Kainji da Jebba za su iya bayarwa nan da shekaru 30, alƙaluman wata-wata sun ishe shi. Haka nan mai nazarin tafkin Chadi, wanda ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980. Sai dai ko a madatsa, da zarar tambaya ta koma kan mafitar rarar ruwa da ƙarfin bango, to lissafi ya koma na kwanaki. Ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na shekarar 2024, wadda ta mamaye Maiduguri, shaida ce a kan haka.

Noma da alƙaluman kullum

A harkar noma ne aka fi yin kuskure, kuma a nan ne bankuna suka fi zuba rance bisa hasashe. A ɗauki ƙauyuka biyu da kowannensu ya sami ruwa milimita 150 a watan Yuli. A ɗaya ruwan ya sauko sau goma, a rarrabe. A ɗayan kuwa ya sauko sau uku a makon farko, sannan sama ta ɗauke har kwana 20. A jadawalin wata ƙauyukan nan daidai suke. A gona kuwa ɗaya yana da amfani, ɗayan ya sake shuka ko ya haƙura, kuma bashin taki yana nan a wuyansa.

Masana aikin gona sun daɗe da gane haka. A shekarar 1988 wani masani na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya tsara ƙa'idar gane saukar damina wadda ake amfani da ita har yanzu a yankin Sahel: ranar da, bayan 1 ga watan Mayu, ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma a cikin kwanaki 30 masu biyo baya ba a sami ɗaukewar ruwa da ta wuce kwana bakwai ba. Ko kusa ba za a iya fitar da wannan rana daga alƙaluman wata ba. Ita ma Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, a hasashen da take fitarwa a farkon kowace shekara, abin da manoma suka fi nema a ciki shi ne ranar saukar damina da ranar ɗaukewarta da tsawon farin tsakiyar damina, dukkansu kuwa lissafin kwanaki ne.

Batun zafi ya fi wannan ma tsanani. Wani bincike da David Lobell da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2011, bisa gwaje-gwajen noman masara fiye da 20,000 a Afirka, ya nuna cewa kowane digiri guda da zafi ya haura 30 na tsawon yini yana rage amfanin gona da kimanin kashi 1 cikin 100 idan ruwa ya wadata, da kashi 1.7 cikin 100 idan ana fari. Ma'anar wannan ita ce ɓarnar ba a hankali take hawa ba. Akwai iyaka, kuma abin da ya haura iyakar ne yake cutarwa. Watan da matsakaicin zafinsa ya tsaya a digiri 28 zai iya ƙunsar kwana shida da rana ta kai 37, kuma idan kwanakin nan sun dace da lokacin da masara take fure, an yi hasara ko da sauran watan ya yi sanyi. Shi ya sa tsare-tsaren kwamfuta masu kwaikwayon girman shuka, irin su DSSAT da APSIM, ba sa karɓar kome sai alƙaluman kullum: ruwa, zafi mafi yawa, zafi mafi ƙaranci, da hasken rana.

Inshorar fari ta kan tsaya a tsakiya. Hukumar ARC, wadda Tarayyar Afirka ta kafa a shekarar 2012, tana lissafin ruwa ne kwana goma-goma daga hotunan tauraron ɗan'adam, kuma da wannan lissafi ta biya Nijar da Senegal da Muritaniya fiye da dala miliyan 26 a farkon shekarar 2015. Ga fari mai faɗin ƙasa, kwana goma ya isa. Amma abin da ya faru a Malawi a shekarar 2016 ya cancanci a tuna da shi. An yi mummunan fari, lissafin ya ce babu abin biya. Da aka bincika sai aka tarar an gina lissafin ne a kan irin masara mai daɗewa a gona, alhali manoma da yawa sun koma irin mai saurin nuna, wanda ɗaukewar ruwan ta same shi a lokacin da ya fi rauni. Daga baya aka biya kimanin dala miliyan 8. Alƙaluman ruwan ba su yi ƙarya ba. An ɗora su ne a kan kalandar shukar da ba ita ke gona ba.

Birane, masana'antu da lissafin sa'o'i

Mai gina sito a Apapa, ko kasuwa a Onitsha, ko rukunin gidaje a Abuja, alƙaluman kullum ma ba su ishe shi ba. Kwalbati da magudanar ruwa ana auna su ne da ƙarfin ruwan da zai zubo cikin mintoci 30 ko sa'a ɗaya ko biyu, domin a unguwar da aka shafe da siminti da kwalta ruwa ba ya nitsewa, nan take yake taruwa. Milimita 60 da ya sauko a hankali daga safe zuwa dare, lambatu zai kwashe shi ba tare da kowa ya lura ba. Milimita 60 cikin sa'a guda kuwa zai shiga ɗakin ajiya ya jiƙa buhunan da ke ƙasa. A littafin alƙaluman kullum ranakun nan biyu iri ɗaya ne.

A ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2009, birnin Wagadugu ya sami ruwa milimita 263 cikin kimanin rabin yini, watau kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yakan samu a shekara, har babban asibitin birnin ya cika da ruwa. Irin wannan ruwa yana zuwa ne daga manyan gungun hadari masu tasowa daga gabas, waɗanda su ne suke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Binciken da Christopher Taylor da abokansa suka wallafa a mujallar Nature a shekarar 2017 ya nuna cewa yawan mafi tsananin irin waɗannan hadura ya ninka sau uku tun daga shekarar 1982. Ilmin kimiyya ya kuma tabbatar da cewa duk digiri guda da iska ta ƙara ɗumi tana iya riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Ke nan jimlar ruwan shekara za ta iya tsayawa inda take, alhali ruwan yana ƙara taruwa cikin sa'o'i kaɗan. Rahoton da ya ce ruwan shekara ba zai sauya sosai ba, don haka babu damuwa, bai amsa tambayar mai sito ba.

Harkar makamashi ma ta sa'o'i ce. Ƙarfin da injin iska yake samu yana tafiya ne da gudun iskar ninki uku a kan kansa. Idan iska ta yi gudun mita 2 a daƙiƙa rabin yini, ta yi mita 8 a sauran rabin, matsakaicinta 5 ne, wanda lissafinsa zai ba da 125. Amma idan aka lissafa kowane rabi dabam, watau 8 da 512, matsakaicinsu 260 ne, fiye da ninki biyu. Mai ɗakin sanyi na kifi ko nama kuwa, girman injin da zai saya ya dogara ne a kan sa'ar da ta fi zafi a shekara. Haka nan mai kiwon kaji, wanda hasararsa takan zo cikin 'yan sa'o'in da zafi da danshi suka haɗu. A nan akwai wani tarko: danshin iska yakan yi ƙasa a daidai lokacin da rana ta fi zafi, saboda haka wanda ya haɗa zafi mafi yawa na yini da matsakaicin danshin yini zai fitar da haɗarin da ya fi na gaskiya, ya sa mai jari kashe kuɗin da ba dole ba.

Ƙanƙantar tazara ba ita ce gaskiya ba

Da jin wannan bayani wani zai ce to a sayi na sa'a-sa'a kawai a huta. Wannan ma kuskure ne, watakila mafi tsada. Samfurin da faɗin gidansa ya kai kilomita 100 ba ya ganin hadari guda. Ƙiyasta shi yake yi. An daɗe da sanin cewa irin waɗannan samfura suna yawan zubar da yayyafi kusan kullum a maimakon ruwa mai ƙarfi jefi-jefi, kuma sukan saukar da ruwan da tsakar rana alhali a zahiri da yamma ko da dare ya fi sauka. Fayil zai iya ɗauke da adadi ga kowace sa'a, amma samun adadin bai sa ya zama abin dogaro ba.

An sami ci gaba a wannan fanni. Hukumar yanayi ta Ingila ta gudanar da wani samfuri mai suna CP4-Africa, wanda faɗin gidansa kimanin kilomita 4.5 ne, mai iya kwaikwayon hadari da kansa. Sakamakon da aka wallafa a shekarar 2019 ya nuna ƙaruwar ruwa mai tsanani fiye da yadda samfuri mai manyan gidaje ya nuna, tare da ƙarin tsawon ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina a yammaci da tsakiyar Afirka. Sai dai saboda tsadarsa shekaru goma kacal aka lissafa na yanzu da goma na ƙarshen ƙarni, a samfuri guda. Su kuwa samfuran duniya ba su yi ittifaƙi a kan makomar ruwan Afirka ta Yamma ba: akasarinsu suna nuna ƙaruwa a tsakiya da gabashin Sahel da raguwa a can yamma wajen Senegal, amma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi. Don haka ga mafi yawan harkokin noma da rance, alƙaluman kullum daga samfura 15 ko 20 sun fi na sa'a-sa'a daga samfuri guda amfani, domin suna nuna iyakar abin da zai iya faruwa. Ga aikin magudanar ruwa ne kawai ya kamata a nemi na sa'o'i, shi ma a gwada shi da awon tashoshin ƙasa kafin a yarda da shi.

Akwai wata dabara da ake yawan yi, watau a ɗauki adadin wata a farfasa shi zuwa kwanaki bisa yadda ruwa ya saba rarrabuwa a da. Dabarar tana da amfani idan an faɗe ta a fili. Aibinta shi ne tana ɗauka cewa ruwan gobe zai rarrabu kamar na jiya, alhali wannan rarrabuwa ita ce abin da ake zargin yana sauyawa. Rahoton da ya yi haka bai faɗa ba ya sayar wa mai jari alƙaluman wata ne a cikin rigar na kullum.

Abubuwan da ya kamata a rubuta a takardar kwangila

Mai ba da aikin nazari yana da haƙƙin ya ga an rubuta a yarjejeniya tazarar lokacin alƙaluman, da yawan samfuran da aka yi amfani da su, da tashar da aka gwada su da ita. Ya kamata kuma tsawon lokacin da aka kwatanta ya kai shekaru 30, kamar yadda Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsara, wadda ma'auninta na yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. Idan fayil ya nuna ruwa mai yawa a ranar 14 ga watan Yuli na shekarar 2041, wannan ba hasashen ranar ba ne; abin da ake karantawa shi ne sau nawa irin wannan ruwa yake aukuwa cikin shekaru 30.

Wasu ƙananan abubuwa ma sukan ɓata lissafi. Samfura da dama ba su da ranar 29 ga watan Fabrairu, wasu kuma, kamar na Ingila, suna aiki da shekara mai kwana 360 inda kowane wata yake da kwana 30, har da Fabrairu. Wanda ya ƙirga kwanakin fari bai lura da wannan ba zai sami kuskure. Lokacin da ke cikin fayilolin na agogon GMT ne, wanda yake bayan na Nijeriya da sa'a ɗaya, kuma ruwan da ya fara da dare ya kai asuba yakan rabu gida biyu a littafin kullum, ya zama kamar matsakaitan ruwa biyu. Injiniyoyi sukan ninka adadin yini mafi girma da 1.13 domin cike wannan giɓi.

Game da farashi, yana da kyau mai jari ya san cewa yawancin alƙaluman kyauta ne. Hukumar NASA ta Amurka tana ba da na kullum daga samfuran CMIP6 a gidaje masu faɗin kimanin kilomita 25. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai tana ba da ERA5, wanda ya sake gina yanayin da ya wuce sa'a-sa'a tun daga shekarar 1940. Akwai kuma CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya, mai alƙaluman ruwan kullum tun daga shekarar 1981. Kuɗin da ake biyan ƙwararre ladan tacewa ne da gwadawa da fassarawa, kuma a kan wannan ya kamata a yi ciniki.

Abin da ya fi ƙaranci a ƙasar nan shi ne dogon awon ruwa na mintoci da sa'o'i daga tashoshin ƙasa, wanda da shi ake gwada duk wani samfuri. Kamfanin da yake da babbar gona ko masana'anta ko jerin ɗakunan ajiya zai iya kafa ƙaramar tashar awo mai sarrafa kanta, wadda take rubuta ruwa da zafi da danshi bayan kowaɗanne mintoci 10 ko 15, a kan kuɗin da bai kai na gyaran sito guda bayan ambaliya ba. Sharaɗin kawai shi ne a sa wani ma'aikaci ya riƙa share mazurarin da duba batirin, a kuma ajiye kwafin alƙaluman a wuri na biyu.